Me ya sa ake ba Bature rol ɗin ɗan Asiya in an mayar da tsohon shirin talabijin fim?

Wani ƙanena ne ya turo min tambaya yace: "Yaya, na ga duk sanda 'yan Hollywood suka ɗauko tsohon shirin talabijin suka mayar da shi fim sai a yi ta cece-kuce wai an ba Turawa rol ɗin 'yan Chaina ko 'yan Japan. Ni dai ban ga abin tada jijiyar wuya ba, ba wasan kwaikwayo bane? Ai aikin ɗan wasa kenan ya zama wanda ba shi ba, kuma mai kuɗi shi ya san inda zai fidda ribarsa."

Toh ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce kuma ba zan maka musu a kai ba, ɗan wasa aikinsa ya shiga rigar wani. Na daɗe a harkar nan, na yi rubutun labari na zauna a wajen zaɓen 'yan wasa, kuma ni kaina na sha ba mutumin da bai taɓa riƙe garma ba rol ɗin manomi. Marigayi Usman Baba Pategi Banufe ne, amma waye ya taɓa cewa Samanja ba namu bane? Inda zan rabu da kai shi ne ɗaya rabin, wato maganar riba, domin ita ce hujjar da kamfanonin suke kafawa kullum, kuma in ka bi ta a hankali sai kaga tana cin kanta da kanta.

Fara da tambayar me ya sa ma ake tono tsofaffin shirye-shiryen. Tsoron asara ne ba wani abu ba. Babban fim a Amurka yanzu yana lashe dala miliyan 100 zuwa 200 kafin ma a zo kan kuɗin talla, to wanda zai zuba wannan dukiyar yafi son sunan da mutane suka riga suka sani, waɗanda suka kalli shirin suna yara yanzu sun girma suna da albashi suna da 'ya'yan da za su kai silima. The Fugitive shirin talabijin ne na 1963, aka yi fim ɗinsa a 1993 da Harrison Ford ya kawo kuɗi kamar hauka, Mission: Impossible shiri ne na 1966, Tom Cruise ya ɗauko shi a 1996 kuma ya kusa shekara 30 yana tatsarsa. Daga nan kowa ya bazama rumbun tsofaffin kaya, Charlie's Angels a 2000, Starsky & Hutch a 2004, Miami Vice a 2006, The A-Team a 2010, wasu suka ci wasu suka kife. Abin da za ka riƙe a nan shi ne, su da bakinsu suke cewa sunan shirin ne jarin, shi zai jawo 'yan kallo.

Amma da an zo kan wa zai zama akta sai magana ta canza, sai ace ai dole a sa fuskar da duniya ta sani, kuma wai babu ɗan Asiyan da zai iya ɗaukar nauyin babban fim. Wannan zancen ba baƙo bane a kunnena wallahi. Lokacin da kasuwar kaset da sidi ke ci a Ƙofar Wambai na taɓa kai wa wani ɗan kasuwa fim da muka sha wahala a kai, bai ko nemi ya kalla ba, fasta kawai ya duba yace wa ye wannan yaron, ina wane ina wance, in babu ɗaya daga cikinsu a fasta kada ma in ɓata bakina. Nace ranka ya daɗe su ma wanen ai da ba a san su ba wani ne ya fara sa su. Yace toh wancan wanin ya sa, ba da kuɗina ba. Kaga shi bai ƙi yaron don ƙabilarsa ba, tsoro yake ji, amma sakamakon ɗaya ne, yaron ba zai taɓa zama wane ba tunda an hana shi matakin farko. Yanzu ɗauki wannan tunanin ka ɗora shi a kan jinsi guda na mutane har shekara kusan 100, shi ne abin da ake kuka da shi.

Fim ɗin da ya tona asirin hujjar shi ne The Last Airbender na 2010. Asalinsa katun ne na tashar Nickelodeon mai suna Avatar: The Last Airbender, an nuna shi daga 2005 zuwa 2008, zango 3, kashi 61. Turawan Amurka biyu ne suka ƙirƙire shi, Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko, amma duniyar da suka gina kaf daga Asiya suka ɗebo ta, duk rubutun da ke jikin bango da takardu na Chaina ne, salon faɗan kowace al'umma daga wani salon kunfu na gaske aka ɗauko shi, masu sarrafa ruwa da taichi suke motsi misali, shi aktan, yaron nan Aang, a aske da tufafi irin na masu ibadar Buddha, su kuma Katara da yayanta Sokka masu duhun fata ne an zana su kamar mutanen Inuit na yankin ƙanƙara. Da aka zo yin fim sai sanarwar neman 'yan wasa ta fito tana cewa ana neman farar fata ko kuma duk wani jinsi, kaga an riga an nuna wanda ake so tun a jerin kalmomin. Aka ba Noah Ringer Aang, wani yaro ɗan Texas mai wasan takwando wanda bai taɓa fitowa a fim ba, aka ba Nicola Peltz Katara, Jackson Rathbone ya zama Sokka. Yarima Zuko ma da farko wani mawaƙi Bature Jesse McCartney aka ba, sai da ya janye sannan Dev Patel ya samu.

Toh dan Allah ina taurarin da ake cewa su za su sayar da fim? Rathbone ne kawai aka ɗan sani saboda Twilight, shi ma a gefe yake a can. Babban aktan kuwa babu wanda ya taɓa jin sunansa. In dai za ka ɗauko yaron da ba a sani ba don ya iya tsalle da shuri, yara nawa 'yan asalin Chaina da Koriya da Biyetnam ke makarantun kunfu da takwando a California kaɗai? Nan ne mutane suka gane ba maganar tauraro bace, akwai dai wata fuska da aka saba ɗauka ita ce ta akta. Kuma abin ya ƙara muni da aka ga yadda aka raba sauran rol ɗin, Al'ummar Wuta waɗanda su ne bosawan labarin aka cika su da masu duhun fata, Dev Patel da Aasif Mandvi 'yan asalin Indiya, Shaun Toub haifaffen Iran, Cliff Curtis ɗan ƙabilar Maori ta New Zealand. Wato masu ceton duniya farare, masu ƙona ta kuma ga su nan. Har a ƙauyen su Katara za kaga sauran mutanen gari da kamannin Inuit, sai ita da yayanta tsulum kamar an jefo su daga wani gari. Daraktan kuma M. Night Shyamalan ne, haifaffen Indiya, ya kare kansa da cewa fuskokin irin wannan zanen ba sa nuna jinsi kowa zai iya ganin kansa a ciki. Ni ban yarda da shi ba, amma abin lura shi ne kasancewar darakta ɗan Asiya bai hana komai ba, tsarin ne yafi ƙarfin mutum ɗaya. Fim ɗin ya ci kusan dala miliyan 150 ya kawo wajen miliyan 319, ba a ce ya faɗi warwas ba, amma ya sha zagi har ya kwashi kyautar Razzie guda 5, wadda ake ba fim mafi muni, kuma kashi na biyu da na uku da aka tsara ba a taɓa yin su ba. Gaskiya ko da 'yan Asiya aka sa fim ɗin ba zai yi kyau ba, rubutun ne ya mutu tun a takarda, wannan kuma wata magana ce daban.

Ruwa baya tsami banza, fushin da kaga mutane suna yi yana da tsohon tarihi. A shekarun 1930 akwai wani ɗan sandan ciki na fim mai suna Charlie Chan, ɗan Chaina ne a labari, amma wanda ya fito a matsayinsa har sau 16 Warner Oland ne, haifaffen Suwidin. A 1937 aka yi The Good Earth, labarin manoman Chaina, lokacin akwai Anna May Wong haifaffiyar Los Angeles wadda ta riga ta yi suna har Turai, amma ba a ba ta matar gidan ba. Dalili kuwa akwai dokar tace fina-finai ta lokacin da ta hana nuna soyayya ko aure tsakanin jinsi biyu, tunda an riga an ba Bature Paul Muni rol ɗin mijin toh dole matar ma ta zama Baturiya ko da a labarin dukansu 'yan Chaina ne. Luise Rainer aka yi wa kwalliya aka ja mata ido ta yi, har ta ci Oscar da shi. John Wayne ya fito a matsayin Genghis Khan sarkin Mongol a 1956, Mickey Rooney ya sa haƙoran roba ya fito a ɗan Japan abin dariya a Breakfast at Tiffany's a 1961. Jerin yana da tsawo ba sai na cika ka ba.

Mutum ɗaya nake so ka riƙe sunansa, Keye Luke, an haife shi a Guangzhou a 1904 ya tashi a Seattle. Shi ne ya riƙa fitowa a babban ɗan Charlie Chan, wato ɗan Chaina na gaske yana kiran ɗan Suwidin mai fenti baba. A 1940 shi ne Kato, direba kuma yaron akta a fim ɗin The Green Hornet na silima. A 1972 kuma yana tsoho shi ne Master Po, makahon malamin da ke koyar da David Carradine a shirin Kung Fu. Shekara kusan 40 mutum yana tsaye a gefen akta, ɗa, direba, malami, kullum ɗan rakiya.

Wannan ya kawo mu kan Bruce Lee, wanda babu wanda ya tashi da kallon Chanis a gidan kallo ko silimar Kano da Kaduna da bai san shi ba. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne a Amurka aka haife shi, a San Francisco a 1940, kuma a talabijin ɗin Amurka ya fara fitowa da girmansa. A 1966 aka mayar da The Green Hornet shirin talabijin, Van Williams ne akta, Bruce Lee ne Kato mai tuƙa masa mota da baƙin takunkumi a fuska. Zango ɗaya kawai aka yi, kashi 26, aka dakatar, amma a Hong Kong mutane Kato suka sani ba ubangidansa ba. Shi Katon ma abin dariya ne tarihinsa, a shirin rediyo na 1936 ɗan Japan ne, da dangantaka ta fara tsami da Japan aka mayar da shi ɗan Filifin, a fim ɗin 1940 kuma aka ce ɗan Koriya ne, su dai a wajensu duk kanwar ja ce. Bayan shirin ya mutu Bruce Lee ya yi ta neman babban rol, yana da wani labari da ya tsara mai suna The Warrior, ɗan kunfu a yammacin Amurka zamanin kaboyi. A 1972 sai ga Kung Fu a tashar ABC daga kamfanin Warner, labarin ɗalibin Shaolin mai yawo a yammacin Amurka, uwarsa 'yar Chaina ubansa Ba'amurke, aka ba David Carradine. Matar Bruce Lee tace tunanin mijinta ne aka ɗauke, kamfanin kuma yace labarin na marubucinsu Ed Spielman ne, wannan gardamar har yau ana yinta. Abin da babu gardama a kai shi ne an duba Bruce Lee don rol ɗin aka ƙi ba shi. Kuma in ka kalli hirar da ya yi da Pierre Berton a 1971 za kaji shi da kansa yana musu uzuri, yace da shi ne mai kuɗi a Hong Kong wani tauraron Amurka ya zo, shi ma zai yi ɗari-ɗari ko mutane za su karɓe shi. Kaga irin maganarka ce ƙanena, daga bakin wanda abin ya shafa. Sai dai ya koma Hong Kong ya yi The Big Boss da Fist of Fury da Way of the Dragon kasuwa ta girgiza, sai ga kamfanin Warner ɗin nan dai ya biyo shi har gida aka yi Enter the Dragon a 1973 da kuɗin da bai kai dala miliyan 1 ba, ya zama ɗaya daga cikin fina-finan da suka fi kawo riba a zamaninsa. Ko a nan ɗin sai da aka jingina masa John Saxon da Jim Kelly don kada ace shi kaɗai ne. Ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32, bai ga fitowar fim ɗin ba.

Da aka mayar da The Green Hornet fim a 2011 an bar Kato a hannun ɗan Asiya, mawaƙin Taiwan Jay Chou, Seth Rogen kuma akta, har suka mayar da abin barkwanci cewa Kato ne ke duk aikin ubangida na karɓar yabo. Rol ɗin direba dama ba a cika ƙwace shi ba, na gaban mota ake ƙwacewa.

Akwai wani bincike da Jami'ar Kudancin California ta fitar a 2021, sun duba fina-finai 1,300 da suka fi kawo kuɗi a Amurka daga 2007 zuwa 2019, guda 44 ne kacal ɗan asalin Asiya ko tsibiran Pasifik ya ja ragamarsu, kuma 14 daga cikin 44 ɗin mutum ɗaya ne, Dwayne Johnson, The Rock na kokawa, saboda mahaifiyarsa 'yar Samoa ce. A ƙasar da 'yan asalin Asiya suka haura miliyan 20. Toh in rol ɗin da aka rubuta musu tun asali ma aka ba wani, ta ina tauraron da ake cewa babu zai fito?

Amma kada ka ɗauka ina cewa dole sai an duba fasfon mutum kafin a ba shi rol, nan ni ma ina rabuwa da wasu masu zafin kai. Star Trek ya isa misali ta ɓangare biyu. A shirin 1966 George Takei ne Sulu matuƙin jirgi, ɗan asalin Japan wanda yana yaro gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu. Da aka zo fim ɗin 2009 aka ba John Cho, haifaffen Koriya, darakta J.J. Abrams ya ɗan ji tsoron za a yi surutu, Takei yace babu komai ai Sulu dama an yi shi ne ya wakilci Asiya gaba ɗaya, sunan ma daga tekun Sulu na kusa da Filifin aka samo. Ni ban ga aibu a nan ba. Sai kuma Khan Noonien Singh, babban bos, wanda a kashin 1967 aka ce daga arewacin Indiya yake wataƙila Sikh ne. A wancan lokacin Ricardo Montalbán ɗan Meksiko aka ba, shi ya sake yi a fim ɗin 1982, za ka iya cewa zamanin ne. Amma a 2013, ga Bollywood cike da jarumai ga 'yan asalin Indiya birjik a Ingila da Amurka, sai aka ba Benedict Cumberbatch Baturen Ingila, yana tsaye fari tas yana cewa sunana Khan. Ɗaya daga cikin marubutan ya kare da cewa ba sa son nuna mai duhun fata a matsayin ɗan ta'adda. Niyyar ba laifi, amma Khan ba ƙaramin ɗan daba bane, mutum ne da aka ce ya fi kowa ƙwaƙwalwa da ƙarfi, irin rol ɗin da ke mayar da ɗan wasa tauraro, shi ne aka hana su wai don a kare su.

Na san abin da za ka ce, ai ana yin akasin haka ma. Gaskiya ne, Charlie's Angels na 1976 duk Turawa ne amma a 2000 Lucy Liu 'yar asalin Chaina na cikin ukun, The Equalizer Baturen Ingila Edward Woodward ne a talabijin, Denzel Washington baƙar fata ya karɓa a fim ɗin 2014. Tambayar da nake yi wa kaina a irin wannan ita ce, in ka canza jinsin mutumin akwai abin da ya karye a labarin? Tsohon jami'in leƙen asiri mai taimakon waɗanda aka zalunta zai iya zama kowa. Amma mutum mai suna Singh daga arewacin Indiya fa? Sannan wanda ke da buhu 100 in aka ɗebi mudu ɗaya bai ji ba, mai mudu biyu in aka ɗebi ɗaya ranar da yunwa zai kwana.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin ɗauke labari gaba ɗaya ka kai shi garinku da kuma barin komai a wurinsa ka cire fuska kawai. The Magnificent Seven na 1960 daga Seven Samurai na daraktan Japan Kurosawa aka ɗauko, aka mayar da masu takobi kaboyi, The Departed na 2006 daga Infernal Affairs na Hong Kong, aka kai shi Boston da 'yan dabar can. Mu ma a Kannywood mun yi wannan da fina-finan Indiya har ba adadi, labari ya taso daga Bombay ya sauka a Fagge da sunayenmu da kayanmu, matsalarsa ta haƙƙin mallaka ce ba ta fuska ba. Wanda ke ɓata rai shi ne irin Dragonball Evolution na 2009 da aka ɗauko daga katun ɗin Japan, sunan akta na nan Goku amma Justin Chatwin ɗan Kanada ne, ga Chow Yun-fat guda an ajiye shi a malami, kujerar Keye Luke dai. Wannan har marubucinsa sai da ya fito a 2016 ya ba masoya haƙuri.

Ghost in the Shell na 2017 kuma yana da wani darasi da ya shafe mu. Asalinsa katun ne na Japan, amma Baturiya Scarlett Johansson aka ba rol ɗin jarumar mai suna Major, nan kam tauraruwa ce ta gaske ba wasa ba, a Amurka aka yi ta hayaniya amma a Japan mutane da yawa ko a jikinsu, har Mamoru Oshii da ya yi katun ɗin 1995 yace bai ga matsala ba. Masu kare fim ɗin suka ce kun gani, masu abin ma basu damu ba. Amma ɗan Tokyo in ya kunna talabijin fuskarsa yake gani tun safe har dare, yana da masana'antarsa. Wanda abin ke ci shi ne jikan ɗan Japan da aka haifa a Amurka, Turanci ne yarensa, Hollywood ce Kannywood ɗinsa bashi da wata. Ka tuna yadda finafinan kudu suka daɗe suna nuna Bahaushe, mai gadi da ƙazamar hula da buta yana Turancin da babu Bahaushen da ke yin irinsa, kuma sau da yawa wanda ke wasan ko gaisuwa bai iya da Hausa ba. Kai da ke Kano dariya za ka yi ka canza tasha zuwa Arewa24, amma yaron Bahaushe da ke firamare a Legas shi ne gobe za a tare a filin makaranta ana kwaikwayon muryar ana ce masa aboki. Kuma don adalci mu ma muna da namu, yadda muke fito da Bagware da Inyamuri da Bayarabe a barkwancinmu ba kullum suke jin daɗinsa ba. Shi Ghost in the Shell ya ci wajen dala miliyan 110 ya kawo kusan 170 a duniya, asara kenan in an sa kuɗin talla da kason gidajen silima, tauraruwar bata cece shi ba. Abin da yafi ban haushi ma a ƙarshen fim ɗin sai aka bayyana cewa ashe yarinya ce 'yar Japan mai suna Motoko aka cire ƙwaƙwalwarta aka sa a jikin Baturiya, kamar da gangan suke tsokana.

Abubuwa sun motsa daga baya, kuma ba wa'azi ne ya motsa su ba, lissafi ne. Crazy Rich Asians a 2018 da dala miliyan 30 ya kawo sama da 230, alhali marubucin littafin Kevin Kwan yace akwai furodusan da ya so a mayar da jarumar Baturiya. Parasite na Koriya ya ci babbar kyautar Oscar a 2020, Squid Game ya mamaye Netflix a 2021, Michelle Yeoh 'yar Malesiya ta ci Oscar ta babbar jaruma a 2023. Netflix suka sake yin Avatar da mutane a 2024 da 'yan asalin Asiya da 'yan asalin Amurka na farko. Wanda yafi burge ni Shōgun ne, na 1980 ta idon baƙon Bature Richard Chamberlain ake ganin komai, in 'yan Japan na magana ko fassara ba a rubutawa, amma na 2024 yawancinsa da Japananci aka yi, Hiroyuki Sanada ne ginshiƙi kuma yana cikin furodusoshi, ya kwashi kyautar talabijin ta Emmy guda 18 a zango ɗaya. Duk da haka tsugune bata ƙare ba, ko an baka rol akwai maganar albashi, Daniel Dae Kim da Grace Park 'yan asalin Koriya sun yi zango 7 a sabon Hawaii Five-0 suka fice a 2017 saboda an ƙi daidaita kuɗinsu da na abokan aikinsu Turawa biyu.

Shi kuma labarin nan na Bruce Lee, 'yarsa Shannon ce ta ciro shi daga cikin takardunsa, shafi 8 ne, ta haɗa kai da darakta Justin Lin aka yi shi a 2019 da sunan Warrior, Andrew Koji ne akta, a unguwar 'yan Chaina ta San Francisco a shekarun 1870. Zango 3 aka yi. In kana da data ka nema, sai dai ba na kallo da yara bane, akwai jini da tsiraici sosai.